Abin da Ruwa Bai Tafi da Shi Ba

A watan Agustan 2022, ana tsakiyar marka, ambaliya ta auka wa ƙaramar hukumar Ajingi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Kano ta ce mutum uku sun rasu, gidaje 495 sun rushe, a garuruwa irin su Toranke da Balare. Duk wanda ya san ƙasar nan, daga Gaya zuwa Ajingi har bakin iyakar Jigawa, ya san babu lokacin da ya fi wannan muni. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, gero bai nuna ba, katangar ƙasa kuma ta sha ruwa har ta gaji.

Idan irin wannan ta faru mukan ƙirga gidaje da gonaki da dabbobi. Ba ma ƙirga alkawuran da aka ɗora wa amfanin gonar. A wajenmu komai "sai da kaka" ne: auren yarinya, bashin taki, kuɗin makaranta, damin malamin tsangaya. Da kaka ake buɗe fagen dambe da kokawa, makaɗi da maroƙi su samu na cefane. Maƙeri ma jiranta yake yi, domin manomin da bai girba ba ba zai sayi sabuwar fartanya ba. A ƙasar Gaya kuwa ƙira ba ƙaramar sana'a ba ce, tunda tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka tafi neman tama suka zauna a gindin Dala. Ruwan dare ɗaya yana iya taɓa duk waɗannan mutane, har wanda ɗigo bai shiga ɗakinsa ba.

Amma akwai abin da ruwa ba ya tafiya da shi. Mutum rumbunsa ya faɗi, gonarsa ta kwanta, ranar auren 'yarsa kuwa tana nan yadda aka sa ta. Gado da katifa da jeren kwanuka suna jiransa. Gara ma haka: buhun shinkafa, jarkar mai, alkaki, nakiya. To, shin al'ada tana da haƙƙi a kan wanda masifa ta riga ta karɓe wa komai?

Addini ya amsa nasa ɓangaren tuntuni. Zakka sai dukiya ta kai nisabi, layya sai mai hali, aikin Hajji sai mai iko. Aure kansa yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, babu gara a ciki. Al'ada ce kaɗai ba ta tambayar yadda damina ta kasance.

Da sauƙi mu ce uban nan ya haƙura, ya aurar da 'yarsa da abin da ya samu. Masu faɗin haka galibi ba 'yarsu ba ce. Shi ya san ɗakin da za ta shiga. Ya san za a zo ganin jere, za a ɗaga murfi a leƙa, kuma gorin da za a yi mata zai fi bashin da zai ci daɗewa. Bayan haka, mutumin da ya kwana da iyalinsa a ajin makarantar firamare, ya bi layin karɓar tabarma da bargo, yana neman abu guda da zai yi da hannunsa ya ji cewa har yanzu shi magidanci ne. Ba wauta ce ke sa shi sayar da akuyar da ta tsira ba. Mutuncinsa yake fansa, kuma mu ne muka yanka masa farashi.

Abin da ya fi damunmu shi ne irin al'adun da suke mutuwa a lokacin masifa da irin waɗanda suke rayuwa. Gayya, wadda muke alfahari da ita muna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, an gina ta ne a kan cewa yau kai ne cikin wahala, gobe ni. Gobara ta ci ɗaki ɗaya, unguwa ta taru ta yi yaɓe ta ɗora jinka. Ambaliya kuwa kowa take bugewa a dare guda, wanda za ka kira shi ma yana tsamo kayansa daga laka. Adashi ya tsaya, aron iri ya gagara, samari su wuce Kano ko Legas cirani tun kafin rani ya shigo. Al'adun da ke rage wa mutum kaya su ne suka fara durƙushewa. Waɗanda ake yi don idon jama'a kuwa ko gezau, domin ido ba ya jiƙewa.

Kakanninmu sun ga abin da ya fi wannan. Yunwar 1914, wadda Kanawa suka sa wa suna Kakalaba, da farin shekarun 1972 zuwa 1974, sun watsa garuruwa. Wanda ke da 'yar uwa da aka aurar nesa, ko amini a wata ƙasar da ta samu damina, yana da inda zai aika a auno masa. Wannan ma al'ada ce, kuma gudummawar biki asalinta ke nan: ka zuba wa wani yau don ya ɗauke ka ran da ka faɗi. Mu muka mai da ita gasa, har ana rubutawa a littafi a ninka.

Saboda haka a ganinmu tambayar ba ta uban amarya ba ce. Ba shi da ikon yafe wa kansa gara. Idan ya rage, an ce ya gaza. Ikon yana bakin dangin ango. Kalma ɗaya daga uwar miji, a gaban mata, cewa bana ba ma son komai, ta fi buhun agaji nauyi. Mun ga gidajen da aka yi haka, aure kuma bai mutu ba. Mun ga kuma inda aka yi shiru, aka bar mutum ya jinginar da gonar gado ya cika ɗaki da kaya, aka yi guɗa aka watse. Da damina ta zagayo, yana cikin gonar nan da fartanyarsa, yana ƙodago, ana biyansa da yamma.