Gorar Ruwa a Ɗakin Shan Magani

Shekara 18 yana riƙe da ɗakin shan magani na ƙauyen. Mutane suna ce masa Likita, shi kuwa bai taɓa gyara musu ba. Da takardar horo kan ciwon asma ta iso daga birni, gaskiya kuɗin zama ya tafi nema. Ya kame kujerar baya.

Mai koyarwar, wata dattijuwar nas, ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke fama da asma a 2019, kuma cutar ta kashe dubu 455. Ya yi hamma. Sai ta tako har inda yake, ta miƙa masa inhelar gwaji.

"Yallaɓai, nuna mana yadda kake koya wa marasa lafiyarka."

Ya cire murfi, ya fesa sau biyu a jere kamar mai fesa turare. Hayaƙin ya dawo ta bakinsa.

Ta ce, "Ba ka girgiza ba, ba ka fitar da numfashi ba tukuna, ba ka riƙe shi ba. Yawancin maganin a harshe da maƙogwaro ya tsaya."

Gabansa ya faɗi. Jikan Inna mai ƙosai ya tuna, ɗan shekara 6, wanda duk hunturu ake goyo shi da tsakar dare, ƙirji na fito, haƙarƙari na lotsawa. Da hannunsa ya rubuta a katin yaron cewa maganin shaƙa ba ya yi masa.

Nas ɗin ta ɗauko gorar ruwa ta roba, mai rabin lita. Ta gasa waya a wuta, ta huda gindin daidai bakin inhela, ta cusa. Ta ce likita Heather Zar da abokan aikinta sun gwada dabarar a kan yara a Cape Town, aka buga sakamakon a 1999. Fesa ɗaya a cikin gora, yaro ya ja numfashi kamar sau biyar ta bakinta, sannan a sake. A wanke ta da sabulu, a bar iska ta busar da ita, kada a goge.

Ranar da ya koma, gidan Inna ya fara zuwa.

"Likita, an ce wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da shi," in ji ta.

"Ba haka ba ne, Inna. Kuma bara ba maganin ne ya gaza ba, ni ne ban iya koyarwa ba."

Ta dube shi, ta shimfiɗa masa tabarma. Ya nuna mata shuɗiyar inhela, mai buɗe hanyar iska in abin ya tashi. Ya nuna mai ruwan ƙasa, ta kullum ko yaro garau yake, a kurkure baki bayanta. Ya sa ta yi da hannunta har sau uku. Maganin sauro mai hayaƙi kuwa, ya roƙa a fitar da shi daga ɗakin, a ɗaura gidan sauro.

Hunturun bana sau ɗaya aka kawo yaron. Shi ma gwangwani ne ya yanke shi a ƙafa wajen ƙwallo.