Harshe Ya Shiga Waya

Ya mai karatu, wa ke riƙe da wayarka sa'ad da ka tafi gona?

A dā, in yara sun yi faɗa a hanyar lakwal nan Safo, kafin rana ta faɗi magana ta mutu. Yanzu ba haka ba ne. Yaro yakan ɗauki hoton 'yar ajinsu da yagaggiyar riga, ya haɗa da muryar ba'a, ya tura a WhatsApp. Kafin gari ya waye an gani a Maraɗi da Madarumfa. Yarinya ta ƙi komawa aji, iyayenta ba su san dalili ba.

Manzo Yakubu, a sura 3, ya kwatanta harshe da wuta. Yau wutan nan tana bin waya. Hukuma ma ta sani: tun 2019 dokar Nijar ta hana zagi da ɓata suna ta intanet. Facebook da TikTok kuma ba su yarda yaro ya buɗe shafi ba sai ya kai shekara 13.

Saboda haka ka zaunar da ɗanka daren nan, ka koya masa abu uku.

1. Kada ya tura maganar da zai ji kunyar faɗi a gabanka.
2. Kada ya ba baƙo hotonsa ko sunan makarantarsa.
3. In an zage shi, kada ya rama. Ya nuna maka, ko malaminsa.

In ya nuna maka, kada ka doke shi, gama gobe zai ɓoye.

Ya Ubangiji Yesu, ka tsare bakin 'ya'yanmu da hannuwansu. Amin.