Noma Da Tsaro

A karanta Farawa 2:15 da Kubawar Shari'a 20:19.

'Yan'uwa cikin Almasihu, itacen da mata ke girki da shi a Soron Ɗinki, da gawayin maƙera, ba a cikin ganuwar Kano suka tsiro ba. Daga dazuzzuka irin na Falgore ake kawo su. Masu sara sukan share hanya domin mota ta shiga. Sa'ad da damina ta sauka, ba saiwar da za ta riƙe ƙasa. Ruwa ya bi sawun taya, sawun ya zama kwazazzabo, ƙasa mai albarka ta gangara Kogin Kano, ta kwanta a madatsar Tiga da aka gama a 1974. Jikokinmu kuwa su gaji tsakuwa.

Aiki biyu Allah ya ba Adamu cikin gona: noma da tsaro. Mutane da yawa sun riƙe na fari, sun yar da na biyu. Ko a lokacin yaƙi Musa ya hana sare itacen da ke ba da 'ya'ya, balle a zaman lafiya.

Amma akwai bege. A 1983, a ƙasar Maraɗi, Tony Rinaudo na mishan SIM ya lura kututturan da aka sare suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka yi renon tohonsu, har gonaki wajen hekta miliyan 5 suka sake samun inuwa a Nijar.

Bari mu ma mu bar gawo da ɗorawa su tsaya a gonakinmu, gama ƙasa ta Ubangiji ce, zai kuwa nemi lissafi a hannun wakilansa.