Haƙƙin Abin da Aka Tsare

A ƙasashen sanyi irin su Kanada da Jamus, mai ɗan tabkin kifi a lambunsa yakan shiga hunturu da fargaba. Saman ruwa yana daskarewa, ƙasansa kuwa ba ya yi, domin ruwa ya fi nauyi a digiri 4, sai ya nutse, ƙanƙara ta tsaya a sama, kifaye su lafe a ƙarƙashinta. Abin da ke kashe su shi ne rufewar tabkin ruf, iskar ruɓaɓɓen ganye ta rasa mafita. Shi ya sa mai lambu ke ɗora tukunyar ruwan zafi a kan ƙanƙarar har ta huda kafa. Ba a fasa ta da guduma, don girgizar tana illata kifin.

A Filinge da sauran ƙasar Kurfai, bazara ce abin tsoro. Tabkunan da damina ta cika a kwarin Dallol Bosso sukan janye sannu a hankali har su koma busasshiyar laka. Amma can da nan tambayar ɗaya ce: tunda arzikin kowace halitta yana hannun Allah, me ya rage wa mutum?

Gaiwa ta ba da rabin amsa. Idan tabki ya ƙafe, sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi watanni tana shaƙar iska har ruwa ya dawo. Ba wanda ya taimake ta. Mahaliccinta ne ya hore mata dabara.

Tarwadar da aka zuba a kwamin siminti ba ta da lakar shiga. Haka akuyar da ke turke, haka saniyar Azawak da ke cikin shinge a Tukunus. Wanda ya raba dabba da dabararta ya ɗauki nauyinta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Laifin yana cikin kullewar tare da sakaci. Malaman Malikiyya ma sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya.

Don haka tawakkali ba hujja ba ne ga mai turke ko mai kwami. Ya duba ruwan abin da ya tsare tun kafin zafin watan Afrilu ya kankama, idan ba zai iya ba ya sayar wa wanda zai iya.