Nasiha Ga Mai Gaggawar Tura Fayil

Ɗana, idan ka zo tura takarda ko hoto ta intanet aka ce ya yi nauyi, ko kuma ba a karɓar irinsa, kada ranka ya ɓaci. Tsaya ka gane wace iyaka ce ta tare ka, domin iri biyu ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko iyakar nauyi ce. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda, shafukan neman aiki da na makarantu kuwa sukan fi haka tsanani. Wannan tana da mafita ta halas. Takardar shaidar karatun da za ka ɗauki hotonta da waya, shimfiɗa ta inda haske yake, ka yanke gefen tabarma da yatsanka da suka shigo hoton, sannan ka rage girmansa. Kafin ka tura, buɗe ka duba ko sunanka da lambarka da hatimi suna karantuwa, domin sauri kan haifi nawa. Idan abin babba ne, WhatsApp yana ɗaukar fayil har na gigabait 2 tun 2022, ko ka ɗora shi a Google Drive ka ba wanda za ka tura wa izini da adireshin imel ɗinsa, kada ka bar shi a buɗe ga kowa. Amma katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun banki, kada ka loda su a shafin da ba ka san mai shi ba don kawai ya ce zai rage maka nauyi kyauta. A wayarka za ka rage su.

Ta biyu ita ce iyakar nau'i, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Gmail yana ƙin fayil mai ƙarewa da .exe ko .bat, a 2017 kuma ya ƙara da .js, domin irin waɗannan da an danna su suke fara aiki a cikin kwamfuta. Abokai za su ce maka ka canza wutsiyar sunan, ko ka ƙunshe shi a zip ka kulle. Wannan kamar shigar da baƙo gidan mutane ne cikin rigar ɗan gida. A watan Mayu na 2000 wata cutar kwamfuta ta ɓulla daga Manila ta ƙasar Filifin, da sunan wasiƙar soyayya. Sunan fayil ɗin ya ƙare da .txt.vbs, Windows kuma ta ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane suka zaci rubutu ne kawai. Duk wanda ya buɗe, sai ta lalata masa fayiloli, ta aika kanta ga duk sunayen da ke ajiye a imel ɗinsa. Cikin 'yan kwanaki ta shiga miliyoyin kwamfutoci.

Ko da niyyarka mai kyau ce, idan ka saba wa mutane da buɗe fayil mai sunan bogi, ka share wa ɓarawo hanya. Idan manhaja ce abokinka yake nema, nuna masa shafin masu ita ya sauke da kansa. Idan aikin ofis ne, tambayi mai kula da kwamfutoci hanyar da aka yarda da ita.

Ɗana, nauyi ka rage shi, amma sunan fayil ka bar shi a kan gaskiyarsa. Bayanan mutane amana ne a hannunka. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga cutar da wani.