Amanar Majiyyacin da Bai Farfaɗo Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa akan ɗauko maras lafiya daga Gwashi ko ƙauyukan kewaye a kai shi asibitin Bukkuyum, Anka ko Gummi, in abin ya yi tsanani a wuce Gusau ko Sakkwato, domin a yi masa tiyata. Likita yakan sa a yi masa allurar barci, ba ya sanin inda yake har a gama. To, tsakanin fito da shi daga ɗakin tiyata da komowar hankalinsa akwai wani lokaci da bai mallaki kansa ba. A lokacin nan ransa da mutuncinsa da addininsa duka amana ne a wuyan ma'aikacin jinya da dangin da ke zaune a gefen gado.

Jinya aiki ne mai asali a Musulunci. Sa'ad da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya sa aka kwantar da shi a hemar Rufaida, mai jinyar masu rauni, domin ya riƙa duba shi daga kusa.

Amana ta farko ita ce ta rai. Wanda maganin bai sake shi ba, harshensa yana iya faɗawa baya ya toshe hanyar numfashi, ko ya yi amai ya shaƙe shi. Saboda haka ne ma'aikatan jinya kan kwantar da shi ta gefe, su riƙa duba numfashinsa da bugun jininsa da wurin ɗinki, su lulluɓe shi in ya kama makyarkyata. Dangi kuwa tausayi kan sa su ɗura masa ruwa, ko kunu, ko rubutu a ɓoye. Wannan ganganci ne, domin abin yana iya bi ta huhu ya halaka shi. A yi masa addu'a da tofi, amma kada a sa kome a bakinsa sai ma'aikata sun ba da izini.

Ta biyu ita ce ta mutunci. Mai farfaɗowa yakan yi sambatu, ya tona asirin gidansa, ya zagi wanda yake girmamawa, wani ma har ya ambaci saki. Hadisi ya nuna an ɗauke alƙalami daga mai barci da wanda hankalinsa ya gushe. Don haka sakin da ya furta a wannan hali bai auku ba. Wanda ya ji maganar kuma bai halatta ya kai ta kasuwa ko majalisa ba. A rufe masa tsiraici da mayafi, a rufe masa asiri da shiru, domin wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi.

Ta uku ita ce ta addini. Gushewar hankali tana warware alwala. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda ya suma ba ya rama sallar da lokacinta ya fita yana cikin suman. Malamai sun saɓa game da allurar barci: wasu sun kwatanta ta da suma, wasu da barci, suka ce a rama. Ramawa ta fi kwanciyar rai. Idan ya dawo hayyacinsa, sai a gaya masa sallolin da suka wuce, a taimake shi ya yi alwala ko taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.