Bayan An Gama Jaje

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba ka manta da damanar 2024 ba. Mu manoma mun saba roƙon Allah ruwa, mun saba duban gabas muna fargaba kada hadari ya watse. A shekaran nan kuwa ruwa ya zo har ya fi ƙarfinmu. Cikin ƙasarmu ta Nijar fiye da mutum 300 suka rasu, waɗanda ɓarnar ta shafa kuma sun haura miliyan 1. Jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda ke tsaye tun wajen 1850, ya zube. Gwamnati ta ɗage komawar yara lakwal har ran 28 ga Oktoba, gama iyalai da yawa a cikin azuzuwan su ke kwana.

Ba duka ne gulbi ya ci ba. Da yawa ɗaki ne ya faɗa musu. Ka san halin ginin ƙasa: ruwa ya kwanta a gindin bango kwana biyu ko uku, rufi ya sha ruwa ya yi nauyi, da tsakar dare sai ya rufta a kan masu barci.

Sa'ad da irin wannan ta faru, ba mu kan yi nawar zuwa jaje ba. Mu kan tafi, mu zauna a tabarma, mu ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Wannan abu ne mai kyau, kada ka bar shi. Amma a hanyar komawa gida wata magana ta kan fito. Wani ya ce, ai ruwa ba ya tsami banza, wa ya san abin da mutumin nan ya aikata? Wani kuma ya ce, shi ya ja wa kansa, don me ya yi gini a kwari?

To, bari mu duba maganar farko. A zamanin Ubangijinmu Yesu wata hasumiya ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18. Labarin yana cikin Luka sura 13. Yesu ya tambayi masu jinsa ko suna tsammani mamatan nan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Shi da kansa ya amsa, ya ce ba haka ba ne, ya kuwa gargaɗe su su tuba su ma. Ka ga ya ɗauke idon mai tambaya daga kan mamaci, ya mayar da shi kan zuciyarsa. Ka tuna kuma da abokan Ayuba su uku. Kwana 7 suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, nan ne suka yi daidai. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa wahala, sai suka ƙara masa ciwo, a ƙarshe kuma Allah ya tsauta musu. In bangonka ya tsaya na maƙwabcinka ya faɗi, wannan ba shaidar adalcinka ba ce. Wataƙila gidanka ya ɗan fi nasa tudu ne kawai.

Magana ta biyu tana da ɗan gaskiya a ciki. Ruwa ba ya manta hanyarsa. A 1945 gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, shi ya sa aka tayar da gari aka hau da shi tudu. A 2020 kogin Kwara ya fasa madatsai a Yamai ya shiga unguwannin da ke bakinsa. Gini a kwari kasada ne, ya kamata a faɗa wa juna haka. Amma ka tambayi kanka, wa ke gini a kwari? Wanda ba shi da kuɗin fili a tudu, da wanda ya gaji kangon ubansa a wurin. Shawara tana da ranarta, wato ranar da za a ja igiyar sabon gini. Mutumin da ya binne ɗansa jiya, yau ba ranar yi masa shari'a ba ce.

Abin da ya fi damuna shi ne gajartar tausayinmu. Jaje kwana uku ne, wahalar ambaliya kuwa sai ta kai wata damanar. Ruwa ya janye, amma ya bar ƙazantar salga cikin rijiya, zawo ya kama yara. Kududdufai sun tara sauro, masassara ta shigo. Hatsin da ya jiƙe ya yi tsiro ko ya ruɓe. Rairayi ya binne gona. Motar taimako ta kan zo da shinkafa da bargo da gidan sauro, mun gode, amma sau ɗaya ko biyu ta kan zo. In an buɗe lakwal dole a fita daga aji. Sanyin hunturu zai sami mutumin nan cikin bukkar zana, bazara kuma ta same shi ba rumbu. Lokacin nan ba mai tunawa da shi, shi kuwa kunya ba za ta bar shi ya yi roƙo ba.

Za ka ce, ni ma abin da na samu bai kai ni shekara ba. Na sani. Almajiran Antakiya ma ba sarakuna ba ne, amma da suka ji za a yi yunwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Kai ma kana da abin da ba kuɗi ba. Kana da hannu. Da rani a kira gayya, samari su buga tubali, mai amalanke ya ɗebo ƙasa da ruwa, mai azara biyu ya ba da ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke uwargida, in kin dama fura ki ƙara ludayi biyu don 'ya'yan maƙwabciya, ki kuma kira su su kwana ɗakinki har a yi rufi. Da kaka kowane gida ya ware dami ɗaya, dattawan ikilisiya su adana, kada a taɓa sai bazara ta yi zafi.

Sa'ad da za a raba, kada a tambayi mutum ko majami'a ya ke zuwa ko masallaci. Ruwa bai tambaye shi ba. Kada kuma a tsaya gaban jama'a a kira sunayen waɗanda aka ba. A aika da almuru, a ajiye a ƙofar ɗaki, a gaishe su a juyo.

Akwai abu guda da ake yawan mantawa. Wanda rumbunsa ya faɗi, irin shukarsa ma ya tafi, ɗan abin da ya saura kuwa yunwa za ta sa ya cinye. Tun kafin hadarin farko ya haɗu, ka tafi wurinsa ka tambaye shi ko yana da irin gero da na wake, ka kuma riƙa tiya biyu a hannunka.